Amsar tambayarka a kan rubuta wa edita wasiƙa

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da mutanen gida, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka rubuta wasiƙa a kan magudanar ruwan unguwarku da ta toshe har ruwan damina yana shiga gidajen mutane, kana so ka aika wa wata mujalla, amma abokanka sun ba ka shawarar ka sa sunan aro. Ka kuma tambaya ko a al'adarmu ya dace yaro ya kai kukan unguwa jarida ba tare da ya sanar da manya ba.

Ka sani cewa rubuta wa edita ba baƙon abu ba ne a Katsina, kuma ba rashin kunya ba ne. Lokacin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, editanta shi ne Malam Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a makarantar Midil ta garin nan kafin a ɗauke shi aikin talifi. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, da 'yan kasuwa sun riƙa aika mata da wasiƙu daga ko'ina cikin Arewa. A shekarun 1950 hukumar talifi ta Arewa, wato NORLA, ta fito da jaridun larduna, tamu ta lardin Katsina kuwa ita ce Himma. Mujallun da suka zo daga baya, irin su Fim, wadda Ibrahim Sheme, ɗan jihar nan, ya kafa a 1999, sun tarar da wannan hanya a buɗe, suka bi ta.

A zamaninmu mutum yakan ɓalle fallen tsakiya na littafin rubutu, ya fara da cewa, "Zuwa ga Edita, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini," ya faɗi abin da ke tafe da shi, sa'an nan ya rufe da cikakken sunansa da unguwarsa da garinsa. Ya sa a ambulan, ya manna kan sarki, ya kai gidan waya, ya yi ta jira makonni. Ranar da wasiƙar ta fito, kwafi ɗaya yakan zagaya majalisa bayan la'asar, mai karatu yana karantawa da ƙarfi saboda waɗanda ba su yi boko ba, kuma da zarar ya kai ƙarshe ya ambaci sunan, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Ai ɗan gidan wane ne." Daga nan magana ta tashi daga kan yaron ta koma kan gidansu, in yabo ne in zargi ne.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ake sanar da manya. Ba izini ake nema irin na wanda zai yi tafiya ba. Abin da ake gudu shi ne mahaifinka ya fara jin labarin daga bakin mutanen waje, a tare shi a ƙofar masallaci da maganar da bai san da ita ba. Saboda haka ka karanta masa wasiƙar tukuna. Bayan shi, ka je wurin mai unguwa ka gaishe shi, ka tambaye shi ko an riga an kai maganar gaban hakimi ko ƙaramar hukuma, domin sau da yawa manya sun yi ta zirga-zirga a kan abu ba tare da yara sun sani ba, kuma idan ka rubuta cewa babu wanda ya motsa alhali an motsa, ka zalunce su a bainar jama'a. Idan kuwa an kai kukan an yi shiru, to, ka rubuta, ka ma faɗi lokacin da aka kai shi, wannan zai ƙara wa wasiƙarka nauyi. Ko da wani babba ya ce ka bari saboda tsoro kawai, ka saurare shi da ladabi, amma ni ban ga laifin faɗin gaskiyar da za ta hana gidajen talakawa rushewa ba.

Batun sunan aro kuwa, ban goyi bayan abokanka ba. Wanda ya ɓoye sunansa yakan saki alƙalaminsa ya faɗi abin da ba zai iya maimaitawa a gaban mutane ba, jami'in da aka yi kukan dominsa kuma yakan yi watsi da takardar, ya ce ai ba a san mai ita ba. Akwai inda ɓoye suna yake da hujja, kamar ma'aikacin da zai iya rasa abincinsa, ko macen da take tsoron gori a gidan aure, amma ko a nan editan kirki sai ya san sunan gaskiya da adireshi kafin ya yarda ya sakaya. Maganar magudanar ruwa ba ta kai nan ba.

Ka rubuta abin da idonka ya gani kawai: layin da ruwa yake kwanciya, gidajen da ya shiga, da gyaran da kuke nema. Kada ka kama sunan wani ka ce ya ci kuɗin aiki, domin magana zarar bunu ce, kuma ɓata suna a rubuce yana kai mutum gaban alƙali. Ka taƙaita, kada ta wuce shafi ɗaya. Edita zai iya datse ta ko ya canza mata kai, wannan haƙƙinsa ne, ba a kuma biyan kuɗi a kan wasiƙa, kada ka sa rai. Idan ta fito, ka sayi kwafi biyu, ka kai wa mai unguwa ɗaya da hannunka.

Kafin ka aika, ka kawo mini ita ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in duba maka. Ka gai da mahaifinka da mahaifiyarka.

Ni ne baffanka,
daga Ƙofar Sauri, Katsina.