Zancen faston da ya fito miki da kujera waje

Ɗiyata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, rashin sabis ne ya hana ni amsawa sai yau. Kin ce kin je wajen faston nan mutumin Dutsen Nuba da ke zaune da jama'arsa a makarantar da kuke dafa abincin takiyya, wato abincin sadaka na waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, a Gadarif, za ki karɓo sunayen waɗanda rabo bai kai gare su ba, kina sallama ya hana ki shiga ajin, ya fito da kujeru biyu gindin darbejiya ya kira matarsa ta zauna gefe tana tsintar adas har kuka gama. Wai ranki ya ɓaci, kina tambaya ko don ke Musulma ce, ko kallon banza yake miki, ko kuwa al'adarsu ce haka.

Toh ki kwantar da hankalinki, wallahi mutumin nan mutunci ya yi miki, ni da ina wurin da na yi masa godiya.

Shekara ashirin da wani abu na yi ina aikin jinya a Omdurman kafin yaƙin Sudan na 2023 ya koro mu nan Kasala, na zauna da Kiristoci na ci na sha da su, kuma ki sani ba iri ɗaya ba ne su. Kibɗawa, Kiristocin cocin Masar, maƙwabtanmu na unguwar Masalma, abunansu, wato limamin cocinsu, yana iya yin aure kafin a naɗa shi, in an naɗa shi kuwa shi ke nan, ko matar ta rasu ba ya ƙara wani, bishop ɗinsu kuma daga cikin masu zaman zuhudu ake ɗauko shi. Fada na Katolika ba ya aure sam. Su kuma Angilika da sauran cocin bishara irin na fastonku suna aure suna haihuwa kamar kowa. Amma duk cikinsu babu wanda addininsa ya yarje masa ya kusanci macen da ta zo neman taimako wajensa, a littafinsu ma cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Timoti an ce shugaba ya zama marar abin zargi, ya ɗauki manyan mata kamar uwayensa, 'yan mata kamar ƙannensa da dukkan tsarki. Wannan na fitowa waje kuwa akwai wani babban mai wa'azinsu a Amurka, Billy Graham, tun 1948 shi da abokan tafiyarsa suka yi alkawari a garin Modesto cewa ba wanda zai keɓe da macen da ba matarsa ba, ko a tafiya ko a cin abinci, fastoci da yawa har yau a kan haka suke.

Kuma ba haka kawai suka ƙara tsanantawa ba, wuta ce ta ƙone su. A 2002 jaridar Boston Globe ta tono yadda wasu fada-fada suka daɗe suna lalata da yara, manyansu sun sani, maimakon a hukunta mutum sai a ɗauke shi daga wannan coci a mai da shi wancan ya je ya ci gaba, kafin shekarar ta ƙare sai da kadinal ɗin birnin ya ajiye muƙami. A Faransa rahoton 2021 ya ƙiyasta yara wajen 216,000 malaman cocin suka ɓata tun daga 1950, ranar da na ji a rediyo ajiye kofin gahawa na yi na kasa sha. Paparoma Francis a 2019 ya kafa doka cewa dole duk fada ko sista da ya san an yi irin wannan ya kai rahoto ga shugabanninsu. Kin ga abin da ya fi cin su ai ba mai laifin kaɗai ba ne, rufa-rufar ce, a rufa wa malam asiri kar sunan addini ya ɓaci, yaron kuma a bar shi da ciwonsa.

Ga inda nake so ki tsaya ki gane. Macen da ta je wajen fasto ko fada ko malam ba a tsaye take zuwa ba, a durƙushe take zuwa, mijinta ya juya mata baya, ko shekara bakwai ba haihuwa dangin miji sun sa ta gaba, ko kamar yanzu ta baro gidanta da tob, wato mayafi, ɗaya a jikinta sunanta yana hannun mutumin da zai rubuta ta a samu buhun dawa. Ta faɗa masa sirrin da ko uwarta ba ta sani ba. Irin wannan matar in ya miƙo hannu da wane baki za ta ce a'a? Ko ta yi shiru ta bi shi ba yarda ba ce wannan, laifin nasa ne ɗungurungum domin shi ke riƙe da wuƙa da nama. Shi ya sa tsare iyakar yake wuyansa, ba wuyanta ba. Mu ma a asibiti haka muka yi aiki, likita namiji ba ya duba mace sai ina tsaye a ɗakin, kuma ba a taɓa cewa don ana zargin majinyaciyar ba ne.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne har kika ɗauka baƙon abu ne, alhali a gidanku aka haife shi. Kakanki a Mai Wurno, Allah ya jiƙansa, in mace ta zo karɓar rubutu ko tambayar hukuncin idda, a zaure yake ganinta ƙofar waje a buɗe ta cikin gida a buɗe, zana a ɗage, sai ka ji ya ɗaga murya ya ce a turo masa yarinya da buta, ni ce yarinyar, butar kuwa cike take ba ya buƙatarta, zama zan yi a bakin ƙofa ina wasa da tsakuwa har matar ta tashi. Sai da na girma na gane. Ai Manzon Allah (SAW) ya hana namiji ya keɓe da mace sai da muharraminta, kuma shi da kansa da Nana Safiyya ta ziyarce shi yana i'itikafi ya tashi raka ta da dare, wasu mutum biyu Ansar suka gan su suka ƙara sauri, ya ce ku yi a hankali Safiyya ce, suka ce subhanallahi, ya ce Shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar jini. In shi ya tsaya ya kawar da zato, wane ne faki, wato malami, da zai ce shi ya wuce nan?

Kuma kar mu ji labarin Boston mu taɓe baki kamar namu gidan a share yake. Akwai wata baiwar Allah da ta zo min a asibiti, ba zan faɗi ko unguwarsu ba, wani faki ya ce maganin haihuwarta sai bayan isha'i, sai ita kaɗai, sai ta shiga bayan labule ya turara mata bakhra, wato layar turare, da hannunsa. Ta zauna a gabana tana murɗa bakin tob ɗinta har ya yage, abin da take ta maimaitawa shi ne wa zai yarda da ni, shi mutumin Allah ne. Na ce ni na yarda. Na raka ta wajen yayanta, ya saurara, sai ya ce a bar maganar kar a ji. Har yau abin yana cina. Ga kuma yaran khalwa, wato makarantar allo, a 2020 BBC ta nuna almajirai da mari a ƙafa da wasu da aka yi wa fyaɗe a wasu khalwowi na ƙasar nan, su waɗannan dokar kar a keɓe da mace ba ta tsare su ba, su ma suna buƙatar ƙofa a buɗe da idon wani babba, da kuma wanda zai saurare su in sun yi magana.

Abu ɗaya dai ba na so, a fake da wannan a rufe wa mata ƙofa gaba ɗaya, a ce malam ba ya ganin mata a bar su cikin duhu. Shehu Usmanu ya karantar da mata ya kuma yi faɗa da masu barin matansu a jahilci, 'yarsa Nana Asma'u ta naɗa jajis, wato malamai mata, suna bi ƙauye-ƙauye suna koyar da 'yan'uwansu mata. Fastonku ma ai bai kore ki ba, ya saurare ki ya ba ki sunayen, wuri kawai ya canja.

Ki koma gobe ki gaida matar tasa da kyau, ki riƙe mata ɗan sukari in da hali. Sannan ki duba min yadda ake rabon nan naku, in akwai namijin da yake rubuta sunayen mata shi kaɗai a cikin ɗaki, ko liman ne ko fasto ko ɗan kwamiti, ki sa a fito da teburin tsakar makaranta a zaunar da dattijuwa ɗaya kusa da shi. Ki gaida babanki, ki ce masa maganin hawan jinin yana hannun direban motar Laraba.