Hukuncin Kafinta Ya Haɗa Kantar Jera Lofe

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne. Wani ya ba ni aikin kantar katako da zai riƙa jera lofensa na shan taba, mai huji-huji a sama inda wuyan lofen zai shiga, da ramuka a ƙasa inda kansa zai zauna. Har ya ba ni kafin alƙalami. Ni ba na shan taba. Ya halatta in yi aikin in ci kuɗinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa sana'arka albarka, ɗan'uwa.

Katako halal ne, zarto da ƙusa ma haka. Hukuncin kantar yana bin abin da za a yi da ita ne, don haka sai mun fara da tabar kanta.

Taba ta shigo ƙasashen Musulmi wajajen shekara ta 1000 bayan Hijira, kuma tun shigowarta malamai suka saɓa. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Ibrahim Laƙani na Masar ya yi rubutu yana hana ta, Shehu Aliyu Ajhuri ya halatta wadda ba ta gusar da hankali, Ahmad Baba na Tambutu shi ma ya karkata ga halaccinta. Sarkin Daular Usmaniyya Muradu na huɗu kuwa ya haramta ta da ƙarfin mulki a 1633. Amma wanda ya duba maganar masu halattawa zai ga sun gina ta a kan cewa cutarwarta ba ta tabbata ba, kuma sun yarda cewa wanda take cutar da shi ta haramta gare shi. To cutarwar ta tabbata. Binciken likitocin Ingila na 1950 da rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964 sun danganta shan taba da sankarar huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Masu lofe kan ce ai su ba sa zuƙar hayaƙin har cikin ƙirji. Ko da hakan ne, hayaƙin yana zama a baki, ga sankarar leɓe da harshe da maƙogwaro, ga iyali da ke shaƙa ba su ji ba su gani ba. Shi ya sa mafi yawan malaman wannan zamani suka tafi a kan haramci, bisa hadisin "babu cuta, babu cutarwa" wanda Imam Malik ya ruwaito, kuma nan na tsaya.

Sai batun taimakawa. Allah yana cewa a Suratul Ma'ida, aya ta 2: "kada ku taimaki juna a kan saɓo da ƙetare iyaka." Daga nan malamanmu suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, amma ba su hana noman inabi ba, kamar yadda Imam Ƙarafi ya bayyana. Abin lura shi ne sani da keɓancewa. Kantar da ka siffanta an auna hujinta da kaurin wuyan lofe, an fafe ramukanta da girman kansa, mai ita kuma ya gaya maka da bakinsa sha yake yi. Ba littafi za a ɗora a kanta ba. Sannan ba ajiya kaɗai ba ce, ƙawa ce: a goge ta da sanfefa, a shafa mata mai tana sheƙi, a kafa a falo yara na kallo. Saboda haka bai halatta ka yi ta ba. Idan mai sayar da taba ne ya ce ka yi masa don tallar hajarsa, hanin ya fi ƙarfi.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Na ji masu ɗauko hadisin la'antar mutum goma a kan giya su ɗora wa irin wannan. Wancan nassi a kan giya ya zo, taba kuwa da ijtihadi aka hana ta, kuma laifin mai haɗa kanta bai kai na mai sayarwa ba, balle a yi maganar la'ana.

Akwai inda aikin ya halatta. Wanda ya gāji lofen kakansa yana son adana su ba ya sha, ko gidan tarihi, ko mai tara tsofaffin kayan sassaƙa, babu laifi ka yi musu. Haka kanta ta gama-gari da ake ɗora komai, ba a ɗora maka binciken abin da mai saye zai ajiye ba.

Wani mai zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da aikin hannunsa yake ci. Da ya hana shi surar masu rai, sai ya ce masa in ba makawa ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Bukhari da Muslim sun ruwaito. Kai ma ka kira mai aikin cikin mutunci, ba da gori ba, ka ce za ka yi masa kanta mai fili babu huji babu ramuka. In ya yarda, kuɗinka halal ne. In ya ƙi, ka mayar masa da kafin alƙalaminsa, in kuma shi ya sayo katakon ka ba shi kayansa. Waɗanda ka yi a baya kafin ka san hukuncin kuwa, ba sai ka mayar da kuɗinsu ba.

Wallahu a'alam.