Akwati huɗu ne a ƙarƙashin motar, kowanne da mansa

Ka tambaye ni ko za ka iya ɗaukar galan ɗaya na man giya ka zuba wa motar ogzilari, wato mai jan taya huɗu, gaba da baya, tunda duk haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna a ciki. A'a, yaro. Kwanta ƙarƙashinta ka ƙirga: akwatin giya, akwatin ogzilari mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, aksul ɗin gaba, wato akwatin haƙoran da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, da aksul ɗin baya. Huɗu ke nan, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Haƙoran aksul ba cizo kaɗai suke yi ba, gogar juna suke yi da nauyin mota a kansu. Shi ya sa ake ba su mai mai lamba GL-5, yawanci 80W-90 ko 75W-90, wanda aka sa wa sinadarin jure matsi. Wannan sinadarin kuma shi ne matsala a akwatin giyar hannu, domin akwai zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Mai GL-5 yana iya cin tagullar, ga santsinsa ya yi musu yawa, sai ka ji giya tana ƙara tana gardamar shiga. Akwatin da kamfani ya rubuta wa GL-4, ka ba shi GL-4. Ogzilari kuwa ba a yi masa da ka: wani man giya yake sha, wani jan man giyar otomatik, wani kuma yana da nasa na musamman. Ka duba littafin motar. Idan aksul ɗin baya mai faranta ne a ciki, irin wanda ba ya barin taya ɗaya ta yi ta juyawa ita kaɗai a laka, ka nemi man da aka rubuta wa LS, in ba haka ba zai riƙa kakkarwa duk sanda aka sha kwana.

Kafin ka taɓa safana, a zaga da motar kamar minti 10 man ya yi ɗumi, sannan a ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri. Goge ƙasar da ke kewaye da notunan. Notin cikawa na sama shi za ka fara kwancewa, ba na tsiyayewa ba. Wanda ya zubar da mai sannan ya tarar na sama ya cije, ya ajiye motar mutane babu mai kuma babu ƙofar zuba shi.

Da na sama ya buɗe, sa yatsa ka ji inda man yake, sannan ka kwance na ƙasa. Kada ka kau da kai yayin da yake zuba, nan ne motar ke gaya maka ciwonta. Warin man aksul mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ba laifi ba ne, haka yake tun yana sabo. Baƙi ƙirin mai warin ƙuna ya sha zafi. Wanda ya koma fari-fari kamar an dama madara a ciki, ruwa ya shiga. A jikin notin ƙasa akwai maganaɗisu: laushin ƙarfe kamar toka mai maiƙo ba komai, goge ka mayar. In ka ji ɓarɓashi yana sukar yatsa, haƙori ko boris ya fara ci, sabon mai ba zai warkar da shi ba, ka kira ni.

Maganar ruwan nan ka riƙe ta da kyau, don ita ta fi kashe aksul. A saman kowane akwati akwai ɗan bututun numfashi. Aksul yana tafiya ya yi zafi, aka tsunduma shi cikin rafi, iskar ciki ta tsuke nan take, sai ya zuƙo ruwa ta bututun ko ta bakin sil, wato robar da ke hana mai yoyo. Duk motar da ta ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, a duba manta ranar, ko da jiya aka canza. In ya yi fari, a zubar, a zuba sabo, a yi tafiya kaɗan, a sake dubawa. Wani lokaci sai an juye sau biyu. Bututun kuma in laka ta toshe shi, zafi zai tura mai ya fita ta sil, har ya jiƙa birkin baya. Da yawa suna canza sil sau biyu sau uku, alhali ɗan bututun ne mai laifi.

Wajen cikawa, sa sabuwar washa a notin ƙasa, ɗaure, ka tura mai da famfon hannu har ya fara dawowa ta ramin sama. Bar shi ya gama ɗiga, ka rufe. Aksul yakan sha lita 1.5 zuwa 3, ogzilari 1 zuwa 2, amma bakin ramin ne ma'auninka. Jikin ogzilari galibi alminiyon ne, ɗauri da ƙarfin tsiya yana lalata zarensa, don haka ɗauki safanar awo ka bi lambar littafi.

Motar da ke jan kaya ko aikin yashi da laka, a canza mata wajen kilomita 40,000. Mai zaman kwalta tana iya wuce haka. Tunda kana ƙasa, buga wa kurus-kurus, wato gaɓoɓin farfela, sandar da ke kai ƙarfi zuwa aksul, giris har sabo ya turo tsoho. Ka kuma gaya wa mai motar ya riƙa sa ogzilari sau ɗaya a wata, ya yi kamar kilomita 15 a turɓaya, don mai ya zaga haƙoran gaba. Kada ya yi haka a busasshiyar kwalta in motarsa irin wadda ake sa wa ogzilari a cire ce, domin tayoyin gaba da na baya za su yi ta jayayya, farfela da haƙora su ɗauki wahalar.