Ganyen darbejiya zai hana gyaɗa yin fumfuna?

Tambaya: Ni manomi ne a ƙasar Ringim. Bara gyaɗar da na ajiye ta yi fumfuna, wata har ɗaci take. An ce bana in zuba ganyen darbejiya cikin buhunan. Yana magani kuwa?

Amsa: Malam, yana taimakawa, amma ga gyaɗar da ta bushe sarai. Fumfunar nan mai ruwan kore-kore da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da wata guba, afulatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Suya ko dahuwa ba sa kashe gubar, ganye ma ba ya cire wadda ta riga ta shiga.

Babban aikin darbejiya korar ƙwari ne, ƙwarin kuwa su ke huda ƙwaya su buɗe wa fumfuna hanya. A ɗakin bincike an ga ruwan ganyen yana rage wa fumfunar ƙarfin yin guba. Kanumfari ya fi shi ƙarfi, man cikinsa na hana ta tsirowa, kirfa da tafarnuwa ma suna taɓukawa. Sai dai wa zai cika rumbu da kanumfari a tsadarsa ta yanzu? Ga ƙamshin yana gushewa kafin bazara.

In za ka yi, shanya ganyen a inuwa har ya riƙa marmashewa a hannu, ka shimfiɗa shi a gindin buhu da tsakiya da sama. Ɗanyen ganye kam kada ka kuskura, laimarsa ce za ta kira abin da kake gudu.

Kafin nan, girgiza gyaɗar cikin ɓawonta: in ba ta yi ƙarar kacau-kacau ba, ko ka ciza ƙwayar ba ta ce ƙas ba, mayar da ita shanya, a kan tabarma ko leda, ba ƙasa tsura ba. Ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango.

Tsince waɗanda suka yamushe, masu huji da waɗanda suka sauya launi. Mutanenmu kan tara su a yi ƙuli-ƙuli ko a ba dabbobi don gudun asara, alhali nan gubar ta fi taruwa, kuma saniyar da ta ci tana fitar da ita cikin nono. Waɗannan a binne su.