Littafin hotunan 'yan ajin ƙarshe, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam Anti, ni ɗaliba ce a Garwa ta Kamaru, an ɗora mun haɗa littafin tunawa na ajinmu kafin jarabawar bak, wato ta gama sakandare, ya zan tsara shi?

Amsa: Ƙanwata, fara ƙidaya shafuka, su zama 24 ko 28 ko 32, don takarda ɗaya in an ninke shafi huɗu take bayarwa. Hotuna kuma dan Allah kar ki karɓa ta WhatsApp haka kawai, matse su yake, a waya ki gansu tas amma a takarda fuska ta dushe kamar an watsa mata toka, a turo miki su a matsayin fayil. Girman hoton kowa ɗaya, suna a ƙasa, kowa ya duba rubutun sunansa da idonsa. Salon haruffa (font) biyu ya isa. Kuma kar fuskar wani ta faɗa cikin ninkin tsakiya.