Kwanon alminiyom ya koɗe, in shafa fenti ko in bar shi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, kwanon alminiyom ne aka buga min a jikin bangon shago da saman ɗaki, yanzu ya koɗe, in ka shafa hannu wani farin gari ke maƙale maka. In yi fenti?
Daga mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Alminiyom ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, ko ka bar shi haka ba zai ruɓe ba, farin garin nan tsohon fenti ne rana ta cinye. In don kyau ne ko rage zafi to shafa, amma fari ko mai haske, don zafin Afrilu da Mayu a Maradi yana wuce digiri 40, baƙi kuwa sai ya maida maka shago gidan burodi.

Wankin shi ne aikin, nan masu fenti ke ha'inci. A wanke da omo da soso har garin ya fita tas, kar a kuskura a sa soda don tana cin alminiyom, a goga da samfefa mai laushi, ya bushe, a sa fentin ƙasa na alminiyom, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, sannan fentin akirilik, wanda ake damawa da ruwa, shafi biyu. A shafa da sassafe kafin kwano yai zafi, ban da ranar ƙurar hunturu ko hadari. In ya huje ko ya lotsa sosai kam canza shi ya fi.