Amsa ga mai tambaya kan Turunku

Dan uwa ka tambaya wai ina ne Turunku, me ya hada ta da Zazzau, kuma mutum nawa ne a ciki. To Turunku dai tana kudu da mu nan Zariya, tsakaninmu da Kaduna, kuma ita ce hedikwatar karamar hukumar Igabi. Gari ne a gindin duwatsu, akwai Turunku tsohuwa can jikin dutsen sannan ga sabuwa inda yawancin jama'a suke yanzu, kusan kowa manomi ne, masara da dawa ko ta ina in damina ta yi.

Tarihin kuwa shi ne abin ji. Kafin a dawo nan Zariya kusa da dutsen Kufena, a can sarautar Zazzau take, sunan Bakwa Turunku mai mulkin Zazzau a lokacin ma daga nan ne, wadda ake cewa ta haifi Sarauniya Amina da kanwarta Zariya da aka sa wa garin nan namu sunanta, wasu ma suna cewa Bakwa namiji ne, har yau ana jayayya a kai. Ana danganta zamanin da wajen 1536, kuma labarin da ake bayarwa shi ne karancin ruwa ya sa aka taso. Ni dai ina ganin abin kunya ne dan Zazzau bai taba hawa dutsen nan ya ga ragowar ganuwar ba.

Yawan jama'a, kidayar 2006 ta ba Igabi gaba daya sama da 430,000, amma kar ka rudu, Rigasa da Rigachikun ne suka kwashe kaso mai yawa, ita Turunkun karamin gari ce.